Hayar Sito a Gajimare: Akwatin Wa, Makullin Wa?

Yau za mu ɗan jingine labari a gefe, mu taɓa wata magana da ta shafi duk wanda ke rubutu da kwamfuta ko wayar salula, wato maganar kwafin ko-ta-kwana na ayyukanmu: ina ake ajiye shi, nawa yake ci, kuma wace irin manhaja ce ta cancanci a damƙa mata wannan amana. Bari in faɗi matsayina tun yanzu don kada in wahalar da mai karatu. A ganina, wanda zai ajiye kayansa a intanet ya daina tambayar nawa ne kuɗin wata kawai, ya fara tambayar nawa zai kashe ranar da zai kwashe kayansa, kuma ko zai iya buɗe su idan mai wurin ya tashi. Amsar wannan tambaya ce ta sa na karkata ga buɗaɗɗiyar manhaja, duk da cewa ita ma tana da nata ƙayoyin, kamar yadda za mu gani.

Gajimare dai kwamfutar wani ce

Abin da ake kira gajimare ba wani abin al'ajabi ba ne. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, mallakin kamfanoni irin su Google da Amazon da Microsoft, inda kake hayar ɗan wuri ka zuba bayananka ta hanyar intanet. Daidai yake da ɗan kasuwar da ya kama hayar sito a Kantin Kwari: kayan nasa ne, amma ginin da ƙofar da dokokin shiga na wani ne.

Akwai kuma wani ruɗani da ya kamata mu warware. Da yawanmu mun ɗauka tunda littafinmu yana cikin Google Drive ko OneDrive ko Dropbox, shi ke nan mun yi ajiya. Asalin aikin waɗannan shi ne daidaita abin da ke na'urarka da abin da ke wajensu, kamar madubi. Idan yaro ya ɗauki wayarka ya goge babi biyar, madubin ma zai goge su. Gaskiya ne suna riƙe abin da aka goge na ɗan lokaci, galibi kwana 30, amma idan ba ka lura ba har wa'adin ya wuce, sai dai haƙuri. Manhajar ajiya ta gaskiya kuwa tana ɗaukar hoton kayanka kamar yadda suke yau, ta ajiye na jiya da na watan jiya daban, ta yadda za ka iya komawa baya ka ɗauko littafin kamar yadda yake kafin ɓarnar ta auku.

Kuɗin da ake gani da wanda ke ɓoye

Rubutu zalla ba shi da nauyi. Littafi mai kalma 100,000 ba ya kai mega 1 idan babu hotuna a ciki, don haka giga 15 da Google ke bayarwa kyauta za ta ɗauki dubban littattafai. Inda lissafi ke canzawa shi ne idan aka zo kan hotuna, bangon littafi, muryoyin da ake naɗa na karatun littafi, da bidiyo. Ƙari a kan haka, giga 15 ɗin nan ita ce dai ke ɗauke da saƙonnin Gmail da hotunan Google Photos, kuma daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 aka fara lissafa ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android a cikinta. Duk marubuciyar da ke tura littafinta shafi-shafi a WhatsApp ta san yadda wannan ajiya ke kumbura. Idan wurin ya cika, sai maganar biya ta taso.

Kuɗi na farko shi ne na haya, kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ɗauki kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke ajiye duk abin da ke cikin kwamfuta ɗaya ba tare da iyaka ba. Ya daɗe yana karɓar dala 5 a wata, ya mayar da shi dala 6 a 2019, dala 7 a 2021, sannan dala 9 a watan Oktoban 2023. Ga Ba'amurke wannan ƙari ne mai sauƙi. Ga mutumin Kano ko Gusau kuwa, ƙarin biyu ne a haɗe, domin a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, sai da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Ka ga ke nan abin da yake naira 3,220 a wata ya koma naira 13,500, ninki huɗu da ɗoriya, a cikin ƙasa da shekara guda, alhali kayan da ke cikin siton ba su ƙaru ba. Naira ta ɗan farfaɗo daga baya, amma ba ta koma ko kusa da inda ta baro ba. Kada kuma mu manta, daga 2022 bankuna da dama a Nijeriya suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, sai a 2025 wasunsu suka dawo da shi. Mutum yana da kuɗinsa a hannu, amma babu hanyar biya, ga shi kuma kamfanonin ajiya ba sa riƙe kayan wanda ya daina biya har abada.

Kuɗi na biyu shi ne na data. Kafin kaya su isa sito sai an yi dakonsu, kuma a nan kamfanin wayarka ne ɗan dakon. Idan kana da layin da ke tura mega 10 na siginar intanet a daƙiƙa, ɗora tera 1, wato giga 1,000, zai ci fiye da kwana 9 ba dare ba rana, idan wuta ba ta ɗauke ba kuma sabis bai yanke ba. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100.

Kuɗi na uku shi ne wanda ba a cika rubuta shi da manyan baƙaƙe ba, wato kuɗin fita. A ma'adanar Amazon da ake kira S3, ajiye tera 1 a cibiyoyinsu na Amurka yana kamawa wajen dala 23 a wata, amma sauke kayan zuwa kwamfutarka ana cajin kimanin santi 9 a kan kowace giga bayan giga 100 ta farko, wato fiye da dala 80 a kan tera ɗin. Suna da wani sashe mai arha ƙwarai, Glacier Deep Archive, wanda ke kamawa wajen dala 1 kacal a wata a kan tera 1. To amma araha ba ta ado: sai ka jira awa 12 zuwa 48 kafin a fito maka da kayan, ka biya kuɗin fito da su, ka biya na saukewa, kuma duk abin da ka zuba ana lissafa maka hayar kwana 180 ko da ka goge shi washegari. A 2024 Amazon da Google da Microsoft sun yafe kuɗin fita ga wanda zai ƙaura da kayansa zuwa wani wuri idan ya nema, amma wanda kwamfutarsa ta mutu yake son dawo da abinsa gida, biya zai yi. Wato ranar da ka fi kowa buƙata, ranar ce lissafin ke tashi.

Mai sito yana iya tashi

Wani zai ce ai manyan kamfanoni ne, ina za su? To ga tarihi. A 2015 Microsoft ta janye alƙawarin ajiya marar iyaka a OneDrive, ta kuma rage ta kyauta daga giga 15 zuwa giga 5. A 2017 Amazon ta soke nata tsarin marar iyaka, sannan ta rufe Amazon Drive ɗungurungum a ƙarshen 2023. Google Photos ta daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka daga 1 ga Yunin 2021. Mu kanmu abin ya taɓa mu: waɗanda suka zauna a majalisun Marubuta da Finafinan Hausa a Yahoo Groups sun san irin muhawarorin da aka tafka a can, ga shi kuwa Yahoo ta kwashe abubuwan da aka tara a wurin daga ƙarshen 2019, ta rufe shi baki ɗaya a watan Disambar 2020. Abin da ya tsira shi ne wanda wani ya yi dabarar kwafewa.

Misalin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne na CrashPlan. Manhajar ajiya ce rufaffiya wadda a wancan lokacin take hannun kamfanin Code42 na Minneapolis a Amurka, kuma mutane sun so ta sosai, domin har tana ba ka damar ajiye kwafinka kyauta a kwamfutar abokinka. A watan Agustan 2017 kamfanin ya sanar cewa ya daina hulɗa da ɗaiɗaikun mutane zai koma kan kamfanoni, kuma a watan Oktoban 2018 ya rufe tsarin na gida. An ba mutane wa'adi, an kuma ba su zaɓin komawa tsarin ƙananan 'yan kasuwa mai dala 10 a wata kan kowace kwamfuta, ko su tafi wani kamfanin. Matsalar ita ce ajiyar tana cikin wani tsari da manhajar CrashPlan kaɗai ke iya karantawa. Wanda ya tafi wani wuri ba zai ɗauki tarihin ajiyarsa na shekaru ya tafi da shi ba, sai dai ya sake ɗora komai daga farko. Tsarin ajiya a kwamfutar aboki ma ya mutu tare da shi, duk da cewa kwamfutar da faifan suna nan a ɗakin abokin.

Tsofaffin marubuta za su gane wannan ciwo da sauri. Kafin haruffan Unicode su yaɗu, ana buga Hausa da wasu haruffa na musamman da ake sakawa a kwamfuta. Idan ka buɗe rubutun a na'urar da ba ta da su, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma wasu alamomi. Rubutun yana hannunka, amma abin karanta shi yana wani wuri. Rufaffiyar manhajar ajiya haka take, sai dai nata ya fi muni, domin can haruffa uku ne ke ɓacewa, nan kuwa ba za ka ga ko layi ɗaya ba.

Bambancin buɗaɗɗiya da rufaffiya

Kowace manhaja da rubutu ake gina ta, rubutun umarni da masana ke tsarawa. Idan kamfani ya ɓoye wannan rubutu ya ba ka manhajar kawai, ita ce rufaffiya, irin su Acronis da Carbonite da manhajar Backblaze ta kwamfuta. Idan kuwa aka baje rubutun a fili, da lasisin da ya halatta wa kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba, ita ce buɗaɗɗiya. Wannan tunani ya samo asali ne daga aikin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983.

A fagen ajiya akwai irinsu da dama: restic da Alexander Neumann ya fara, BorgBackup, Kopia, Duplicati, da rclone ta Nick Craig-Wood wadda ke iya jigilar kaya tsakanin gomman kamfanonin gajimare. Yadda restic ke aiki, alal misali, shi ne ta daddatsa kayanka ƙanana-ƙanana, ta kulle kowane yanki da kalmar sirrinka tun a kwamfutarka kafin ya fita, sannan ba ta sake tura yankin da ta riga ta tura. Idan ka gyara shafi biyu a littafi, ɗan abin da ya canza kawai za ta ɗora, wanda hakan sauƙi ne babba ga mai sayen data. Mai siton kuma ba ya ganin komai sai kullallun ƙunshi.

Amfanin da ya fi girma a wurina shi ne ta raba akwati da sito. Da rufaffiyar manhaja, sito da akwati da kwaɗo duk na kamfani ɗaya ne. Da buɗaɗɗiya, akwatin da makullin naka ne, sito kawai kake haya. Yau kana iya ajiye shi a B2 ta Backblaze, wadda a 2023 ta sa farashinta dala 6 a wata kan tera 1 tare da yafe kuɗin saukewa har ninki uku na abin da ka ajiye, wato giga 100 ba ta wuce santi 60 ba. Gobe idan sun tsawwala, ka kwafi akwatin yadda yake zuwa wani kamfani, ko faifan ajiya na waje, ko kwamfutar ƙaninka a Zariya, da duk tarihinsa. Wanda zai iya tashi a kowane lokaci shi ke da bakin ciniki.

Idan kuma mai manhajar ne ya gaji fa? Wannan ma ya taɓa faruwa. Akwai wata buɗaɗɗiyar manhajar ajiya mai suna Attic wadda aikinta ya yi sanyi a hannun mai ita. A 2015 wasu masu amfani da ita suka ɗauki rubutun suka ci gaba da ginawa da sabon suna, shi ne BorgBackup da ake amfani da ita har yau, kuma suka tanadi hanyar mayar da tsofaffin ajiyar Attic zuwa sabon tsarin. Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ya sami mutanen CrashPlan. Duka biyun mai abu ne ya juya baya, amma a ɗaya an bar wa jama'a makulli.

Inda buɗaɗɗiyar ke da rauni

Ba zan yi wa mai karatu rufa-rufa ba. Na farko, akwai wahala. Asalin restic da Borg da rubuta umarni ake sarrafa su, babu maɓallan latsawa, kuma Borg ba ta zauna daram a kan Windows ba. Kopia da Duplicati suna da fuska mai sauƙi, sai dai Duplicati ta shafe shekaru da dama a matakin gwaji. Mafi yawansu kuma don kwamfuta aka yi su, alhali yawancin marubutanmu na yau a waya suke rubutu.

Na biyu, babu wanda za ka kira. Idan abu ya cije, sai dai ka shiga zaurukan masu amfani da manhajar ka yi tambaya da Turanci, ka jira mai taimako. Kamfani kuwa yana da ma'aikatan da ake biya don su amsa maka.

Na uku, makullin da ke hannunka kaɗai nauyi ne. Idan ka manta kalmar sirrin, babu mahaluƙin da zai buɗe maka, har wanda ya rubuta manhajar.

Na huɗu, kasancewar rubutu a fili ba ya nufin kullum akwai mai dubawa. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a cikin xz, wata ƙaramar buɗaɗɗiyar manhaja da kwamfutocin Linux ke dogaro da ita, bayan wanda ya dasa ta ya shafe kusan shekara biyu yana neman yardar mai kula da aikin. Masu suka sun ce ga irinta nan. Ni kuwa abin da na gani shi ne mutumin waje ne ya bi sawu har ya kama ta, kuma ya iya yin haka ne saboda ƙofar a buɗe take ga mai bincike.

Saboda waɗannan dalilai, ba na cewa rufaffiyar manhaja haramun ce. Wanda ya san ba zai iya ɗawainiyar buɗaɗɗiya ba, gara ya biya kamfani ya kwana da ajiya, da ya zauna babu komai yana jiran ranar da zai koya. Sharaɗina ɗaya ne: kada kwafin da ke wurin kamfanin ya zama shi kaɗai ne.

Abin da nake ba da shawara

Akwai wata ƙa'ida da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, ana kiran ta 3-2-1: kwafi 3, a kan nau'in ma'adana 2, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Hikimar ta fito fili a watan Maris na 2021 lokacin da gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, inda wasu suka tarar kwafin ko-ta-kwanansu ma a harabar yake. Ta sake fitowa a watan Mayun 2024 sa'ad da kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ma'adanar UniSuper, wata asusun fansho ta Ostareliya mai mambobi fiye da rabin miliyan. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne kwafin da suka ajiye a wurin wani kamfani daban. Idan gemun irin waɗannan ya kama da wuta, mu sai mu shafa wa namu ruwa.

Ga marubucin da kayansa rubutu ne zalla, ba sai ka kashe ko kwabo a kan haya ba. Ka riƙa fitar da littafinka daga manhajar da kake rubutu a ciki zuwa tsarin da kowace na'ura ke buɗewa, kamar rubutu zalla ko PDF, ka sa kwanan wata a sunan kowane kwafi, ka ajiye ɗaya a gajimaren kyauta, ɗaya a filash ko memori, ka kuma tura ɗaya ga wanda ka amince da shi a wani gari. Ga mai hotuna da muryoyi da bidiyo masu yawa, ko ƙungiyar marubuta, ko maɗaba'a, nan ne buɗaɗɗiyar manhaja ke biyan wahalarta. A nemi matashi ɗaya mai ilimin kwamfuta ya saita Kopia ko restic sau ɗaya, ta riƙa zuba kwafi a faifan waje da kuma sito mai arha, a tace abin da ya cancanci hawa intanet don a rage kuɗin data.

Sai abu biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya, a riƙa gwada dawo da kaya. A 1998 wani umarni da aka bayar bisa kuskure ya goge mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, da aka je ɗauko kwafin ajiya sai aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya sani. Wata ma'aikaciya, Galyn Susman, da ke aiki daga gida saboda jego, ita ce aka samu kwafi a kwamfutarta. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka duk bayan 'yan watanni ka ɗauko babi ɗaya daga ajiyar ka buɗe ka gani da idonka.

Na biyu, a tuna da magada. Daga watan Disambar 2023 Google ta ba kanta damar goge duk akawun ɗin da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Rai na hannun Allah, kuma littafin da marubuci ya bari bai kammala ba dukiya ce ta iyalinsa da ta masu karatu. Ka rubuta kalmar sirrin a takarda, da sunan manhajar, da inda ajiyar take, ka sa a inda kake ajiye takardun gida ko na gona, ka kuma sanar da mutum ɗaya. Iyayenmu sun bar mana rubuce-rubucen ajami a cikin gafaka, ga shi bayan shekara ɗari ana buɗewa ana karantawa ba tare da neman izinin kowa ba. Abin kunya ne a ce namu, da duk na'urorin da muke taƙama da su, ya kasa kai shekara goma saboda katin banki ya ƙi aiki ko wani kamfani ya canza shawara.

Wanda ke da wata dabara da ta fi wannan, ko ya ga inda lissafina bai yi masa daidai ba, ƙofa a buɗe take. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.